Watandar Ɗaki a Abhur

Asabar, 20 ga Rabi'ul Awwal 1431, bayan azahar

Yau ma Malam ya dawo da takardar nan mai hotuna. Ya shimfiɗa ta kusa da kwanon tuwo, miya ta ɗiga a kan ruwan bahar ɗin, ya sa hannun riga ya goge da sauri. Wai ɗaki biyu da falo a Abhur, can arewa da garin Jidda, ƙofa tana kallon ruwa. Shale suke ce masa. Kuma ba saya za ka yi ya zama naka ba, a'a. Sati ɗaya kake saya a kowace shekara, har shekara ashirin, sauran satuttukan na wasu ne da ba ka taɓa gani ba.

Na ce, "To Malam, ai wannan watanda ce. A garinmu sa ake haɗa kuɗi a yanka a raba kashi-kashi, a nan kuma ɗaki."

Bai yi dariya ba. 'Yata Madina ta tambaye ni mene ne watanda, na rasa Larabcin da zan gaya mata.

Othman ne ya jajibo mana wannan, ɗan Yaya Aishatu, yayar Malam. Tun da ya samu aiki a wani ofishi a Bagdadiyya, duk wanda ke da iƙama, wato takardar izinin zama, a unguwarmu Nuzla ya shiga uku da shi.

Abin da ke ci mini rai, yau kusan wata biyu ke nan da jawazat, jami'an shige da fice, suka kama yayan Madina a garejin da yake walda a Khumra, suka sa shi a jirgi zuwa Kano, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Yanzu yana Malumfashi wurin ƙanena Ɗan'azumi. Katifarsa na nan jingine da bango. Amma a gidan nan maganar hutu ake yi. Hutu! Me muka yi da za mu huta?

Da boko nake rubutu, don duk gidan nan ba mai iya karanta shi.

Lahadi, 21, da hantsi

Na daka wa masu tsire yajinsu har kafaɗata ta mutu. Ɗan'azumi bai kira ba.

Talata, 23, bayan la'asar

Othman ya zo, turarensa ya riga shi shigowa. Rabi Hausa rabi Larabci, hannu na yawo a iska.

"Khala, wallahi dama ce. Otal kullum tsada yake ƙarawa, wannan kuwa halas, an rufe farashi. Har 'ya'yan Madina sai sun ci moriyarsa."

Na bar shi ya gama, sannan na ce in na'urar sanyi ta lalace wa zai gyara? Ya ce akwai ɗan abin da ake bayarwa duk shekara. Na ce ko mun je ko ba mu je ba? Ya ce e to. Na ce in mun gaji muna son mu sayar fa? Ya ce wannan sai yadda kasuwa ta yi. Na ce wane sati za a ba mu? Ya sosa ƙeya, wai satin Salla da na hutun makaranta manya sun riga sun kwashe, amma akwai masu kyau a tsakiyar zafi. Wato a watandar tasu ƙashi da kofato suka rage mana.

Malam ya ce, "Zubaidatu, ki bar yaro ya yi bayani mana."

Na ce tambaya ɗaya ta rage. Tunda wurin na iyali ne, wane iyali za a rubuta?

Nan gizo ke saƙar. Don a takarda Malam tuzuru ne, bai taɓa aure ba. Aurenmu a zauren Malam Usuman aka ɗaura shi nan Nuzla, da goro da dabino da shaidu, ba hatimin kowa. Madina a asibiti na haife ta da katin Yaya Aishatu, saboda haka a takarda 'yarta ce, ƙanwar Othman. Yayanta a ɗakin nan aka yanke masa cibiya, bai shiga takardar kowa ba. Ni kuwa umra na zo da ƙuruciyata na ƙi komawa. A takarda babu ni gaba ɗaya.

Othman ya ce za a san yadda za a yi. Kullum a garin nan sanin yadda za a yi ake yi.

Laraba, 24, kafin magariba

Na leƙa wurin Fatu, maƙwabciyata 'yar Maraɗi mai sayar da gyaɗa a bakin makaranta. Sau biyu tana zuwa gida ta hanyar tarhil, wato korar marasa takarda, tana dawowa. Na tambaye ta a fakaice, wai wata ce take so ta sani.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Watar nan sunanta Zubaidatu?"

Ta ce da can abin ba wuya. Ka je ƙarƙashin kubri, gadar sama, ka shimfiɗa kwali, motar jawazat ta kwashe ka, su kai ka gida kyauta. Ka ga dangi, ka yi sabon fasfo da sabon suna, ka dawo da umra abinka. "Yanzu fa an kawo basma, 'yar'uwa. Yatsunki goma za su ɗauka. Suna ana canza shi, yatsa wa zai canza miki? In kin tafi, kin tafi ke nan."

Ni duk lissafina a kan tsohon yayi na ɗora shi. Na ɗauka zan je in ga yaron, in zauna da shi damina ɗaya, in dawo. Ashe ƙofar ta zama mai fita kawai. Na dawo gida ina tafe ina cin tuntuɓe da rana tsaka.

Juma'a, 26, bayan an sauko daga masallaci

Ɗan'azumi ya kira.

"Yaya, yaron nan fa ba lafiya ba. Ba zazzaɓi ba ne, jikinsa garau. Tun safe yake zama a soro har a kira isha. Tuwo sai an yi da gaske. Da yana ɗan kwaɓa Hausarsa, yara suka dinga dariya suna ce masa Balaraben Malumfashi, ya bari. Yanzu ko Larabcin ba ya yi. Ga shi nan, ki yi masa magana."

Na riƙe wayar. Ina jin numfashinsa. Na ce, "Ana lafiya?" kamar mai gai da baƙo a hanya. Na ce, "A dinga cin abinci." Shi ke nan abin da na iya. Ɗan'azumi ya karɓe.

Ɗan fari ne. Haka aka raine mu, ba ka kiran sunansa, ba ka jawo shi jikinka a gaban mutane, ba ka yabonsa. Innarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, kuma duk Malumfashi an san shi ta fi so. To can kowa ya san abin da shirun ke nufi. Shi a nan ya tashi, inda uwa ke leƙowa ta taga tana ihu, ya habibi, ya galbi, unguwa duka na ji. Yana ƙarami ya taɓa tambayar babansa wai me ya yi mini. Muka yi ta dariya a lokacin.

Yau ban yi dariya ba. Zuciyata ciwo take yi, ciwo na gaske, nan ƙarƙashin haƙarƙari.

Asabar, 27, da asuba

Na kwantar da katifar, na kakkaɓe, na sake jingine ta.

Litinin, 29, bayan azahar

Mun yi da Malam. Ya zo cin abinci daga sito, bai ko wanke hannu ba ya fara, wai Othman ya ce za a rage masa wani abu in ya sa hannu kafin tsakiyar wata mai kamawa.

Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, me kake nema a Abhur?"

Ya daɗe yana juya loma. Ya ce, "Tun ina saurayi nake kai kayan mutane shalen mutane. In sauke katifu da firji a bakin ƙofa in juyo. Ina so in ga kin zauna sati ɗaya ba ki daka komai ba. Laifi ne?"

Na ce ba laifi ba ne.

Ya ce, "Kuma in mutum yana da abin da yake jira baɗi, da baɗin baɗaɗa, ba ya…" Bai ƙarasa ba.

Ashe ya san tafiya nake shirin yi. Ko Fatu ce ta yi baki, ko fuskata ce. Ba ɗaki yake so ya saya ba, turke yake so ya kafa mini, na shekara ashirin. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya danne tausayin.

Na ce, "Ranar da ka je inda suka tsare yaron da kular abinci, ka dawo da ita a cike, me ya faru?"

Ya tashi ya ɗauki buta. Azahar dai mun riga mun yi, la'asar kuma da sauranta.

Laraba, 1 ga Rabi'us Sani, da hantsi

Sabon wata. Takardar hotunan ta koma ƙarƙashin matashinsa. Na gan ta ina gyaran gado, na mayar yadda take.

Alhamis, 2, bayan la'asar

Madina ta tare ni a kicin. Yarinyar nan in ta yi fushi Hausarta guduwa take yi, sai ta kamo ɗaya ta saki biyu.

"Ummi, gaskiya ne za ki kubri?"

Na ce wa ya gaya mata wannan shirme.

"La tikzibi alayya, kar ki mini ƙarya. Shi ya tafi, na sani, ni ma ina kuka. Bas ni fa? Don ina nan shi ya sa ba a ganina?"

Na ce ta rage murya, bangon nan ba kauri gare shi ba.

Ta ce tun tana aji ɗaya, in an ce a zo da uwa makaranta, Yaya Aishatu ke zuwa. Ita ke karɓar sakamakonta, ita malamai ke ce wa Allah ya raya. "Ke kina gida, amma na san in na dawo kina gida. Yanzu shi ma za ki ɗauke?"

Ta ce tana son shalen. Ba don ruwa ba. 'Yan ajinsu in an dawo hutu kowa na ba da labarin inda suka je da iyayensu, ita sai ta ƙirƙira. Tana so sau ɗaya ta faɗi gaskiya.

Na ba ta albasa ta yanka, mu duka muka samu abin fakewa. Ni 'yasu. Ɗaya a can, ɗaya a nan, ni kuma ɗaya ce tal.

Lahadi, 5, da yamma

Othman ya dawo da sabuwar dabara. Wai kamfani na ba masu niyyar saye wuni ɗaya kyauta, su je su gani da idonsu. Ranar Alhamis.

Na ce ƙofar fa? Na san wuraren nan, mai gadi ba ya barin kowa sai ya ga shaidar iyali.

"Ba mushkila, Khala. Ni da Madina muna katin Ummina. Kawu yana da iƙamarsa, kawunmu ne. Ke kuma…" Ya kalli silin. "Ba sa tambayar shaggala."

Shaggala. 'Yar aiki. In zauna a baya in rungume kula.

Malam ya miƙe tsaye, ban taɓa ganin ya yi wa ɗan yayarsa irin wannan tsawa ba. "A'uzubillahi! A gidana? Uwar 'ya'yana? Fita!" Othman ya fita da takalmi ɗaya a hannu. Madina ta shige ɗaki tana kuka.

Ni ce na ce za mu je. Ban san dalili ba. Wataƙila ina so in ga abin da ake so a ɗaure ni da shi.

Malam ya ce, "To ki ji. In ya tambaya, zan ce matata ce. Abin da zai faru ya faru." Har da rantsuwa.

Talata, 7, bayan azahar

Ba waya. Na kira, a kashe. Wataƙila ba wuta ne a can.

Alhamis, 9, bayan magariba

Mun je, mun dawo. Bari in rubuta tun ƙafata ba ta huce ba.

Othman ke tuƙi, Malam a gefensa, ni da Madina a baya, kula a cinyata don ba inda za a ajiye ta. Hanya doguwa, gari ya ƙare, katangu suka fara. A bakin ƙofar akwai mai gadi siriri da littafinsa. Gefe kuma, a inuwa, motar 'yan sanda ce a tsaye, biyu a ciki suna shan shayi. Ba don mu suka zo ba. Amma suna nan.

Mai gadin ya karɓi katin Othman, ya duba Madina, ya karɓi iƙamar Malam. Sannan ya sunkuyo ya nuna ni da haɓa.

"Wa hadi?" Wannan fa?

Malam ya gyara zama. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ga ya ja numfashi, zai cika rantsuwarsa. Na ga katin da sunan Madina ke ciki a hannun mutumin. Sai na ji wata murya ta ce, "Shaggala."

Muryata ce. Ba wanda ya matsa mini. Ko gargada ban yi ba.

Mai gadin bai ƙara kallona ba. Ya miƙo katunan ya ce yalla.

Gaskiya wurin ba laifi, ba zan yi masa ƙazafi ba. Ɗakin bai kai na hoto girma ba, yana warin mutanen da suka tashi jiya, akwai silifas ɗin yaron wasu a ƙarƙashin gado. Amma ruwan na nan, shuɗi, har inda ido ya tsaya. Madina ta shiga da abayarta har gwiwa tana ihu tana dariya, rabon da in ji dariyarta tun kafin abin nan. Othman na ta nuna wa iska inda za a gasa kifi.

Na zauna a dakali. Hannuna ya rasa abin yi, na sa shi a ƙarƙashin cinya.

Malam ya zo ya zauna, ba kusa sosai ba. Bai dube ni ba, ruwa yake kallo. Ban tambaye shi ba wannan karon, shi ya fara.

Ya ce sun fito masa da yaron, an haɗa hannunsa da na wani. Jami'in ya ce, ɗanka ne? In ɗanka ne ina uwarsa, ina takardar haihuwa, su wa kuma ke gidan? Alƙalami na hannunsa yana jira.

"Na ce yaron unguwarmu ne. Na ce sadaka na kawo masa."

Na ce yana ji?

"Kamar daga nan zuwa ƙofar can. Ya dube ni. Sai ya taimake ni, Zubaidatu. Ya ce, shukran ya ammi. Na gode, baffa. Amma kular ya ƙi karɓa."

Mutumin nan gemunsa ya yi fari, yau na ga yana kuka kafaɗunsa na rawa. Wata biyu ina dafa shi a cikina, ina cewa wane irin uba ne. Ga shi da safen nan na yi irin tasa, cikin ƙiftawar ido.

A hanyar dawowa Othman ya ce, "To Khala, ya kika gani?" Na ce ruwa dai ruwa ne.

Asabar, 11, da hantsi

Na yafe masa har zuciyata. Na ɗauka in na yafe wani abu zai sauka. Ba abin da ya sauka.

Litinin, 13, bayan la'asar

Ɗan'azumi ya kira da wayar wani. Abin da ya sa ba a same shi ba, nema suka fita. Yaron ya ɓace tun ranar Talata. A hanyar Kano wani direba ya tsince shi, ba takalmi, ƙafa duk ta fashe. Da aka tambaye shi ina za shi, ya ce Nuzla.

"Yaya, ni fa ina da gona da 'ya'ya, ba zan iya tsaronsa dare da rana ba. Mutane sun fara cewa a kai shi gidan mari. Ban yarda ba tukuna."

Tukuna.

Na ce ya ba shi wayar. Na shiga banɗaki na rufe, kamar mai shirin sata. Na ce, "Abdulghani."

Ga shi na rubuta ma. Na sake faɗa, "Abdulghani, ɗana."

Can ya ce, "Min ma'aya?" Wa ke magana?

Bai gane ba. Ina zai gane, bai taɓa jin sunan nan da wannan murya ba. Na ce, "Ummi ce, Ummi ce," ina faɗa ina ƙari har kuɗin wayar mutumin ya ƙare.

Innarmu, Allah ya ji ƙanki, ba ki yi laifi ba. Amma wannan tarbiyya ba ta ƙasar nan ba ce, ni ce na ɗauko ta na kawo.

Talata, 14, bayan asuba

Na gaya wa Malam a kan sallaya, tun bai naɗe ta ba. Bai yi musu ba. Ya ce, "In na sa hannu yau, za ki zauna?" Na ce a'a. Ya ce, "Na sani. Na dai tambaya ne."

Na ce in yana so ya saya, ya saya don Madina, na ga yadda ta yi dariya. Ya ce Madina ta riga ta gaya masa, in ba ni ba ta ƙara taka wurin.

Shi ba zai iya bina ba. A nan aka haife shi, bai san kowa a can ba, kuma in ya saki kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a iƙama, wa zai riƙe Madina har ta gama, har ta yi aure? Mun bi ta nan mun bi ta can, duk hanya ɗaya take ɓullewa.

Da hantsi Othman ya kira, wai rangwamen zai ƙare jibi. Ina jin Malam daga kicin. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Halas, ɗana. Ka sayar wa masu iyali."

Laraba, 15

Madina ba ta mini magana. Amma ta wanke mini zannuwa, ta goge, ta jera a jaka.

Alhamis, 16, da azahar

Na kai wa masu tsire yajin ƙarshe, na nuna wa Fatu yadda nake haɗawa, ta ci gaba da su. Na bar mata turmin. Ta ce in tafi da bargo da kwali mai kauri, in ɗaure fasfona na da a ciki, kuma duk abin da za a tambaye ni a can, ban san kowa ba. "Ko sunan unguwa kar ki faɗa. Ke kaɗai kika zo, ke kaɗai kika zauna."

Na ce na iya wannan karatun.

Asabar, 18, da yamma, a ƙarƙashin kubri

Malam ya kawo ni da motar sito, ya sauke ni a layin baya, don in an gan shi ɗauke da marar iƙama shi ma ya shiga ciki. Ba mu yi doguwar sallama ba, mota na bayansa tana ta hon. Ya ce, "Ki yafe mini." Na ce, "Ka dinga shan maganinka." Aure na shekara ashirin da wani abu, a nan ya tsaya, a bakin shagon mai faci.

Mutane a nan kamar ranar Arfa. 'Yan Indunusiya, 'yan Fakistan, namu na Najeriya da Nijar, kowa da ɓangarensa da kwalinsa. Sama motoci na gudu, ƙasa zarni. Wata 'yar Sakkwato ta matsa mini wuri, ta ce ita ta kwana biyu a nan sosai, motar ba kullum take zuwa ba, in ta zo kuma ba ta ɗaukar kowa da kowa.

Ikon Allah. Rabin rayuwata ina jin an ce jawazat ina shigewa ƙarƙashin gado. Yau ni ke addu'a su zo.

Lahadi, 19, bayan la'asar

Motar sito na tsaye a tsallaken titi. Jiya ma ta tsaya. Ba ya fitowa, ni ma ba na ɗaga hannu.

Litinin, 20, da yamma

Akwai masu kawo abinci sadaka, su raba su wuce. Yau a cikinsu na ga wata doguwa da niƙabi, tafiyarta kawai na gani na gane. Ta bi layi tana miƙa wa kowa leda, ta ba 'yar Sakkwato, ta iso kaina. Ta durƙusa. Tuwo ne da miyar kuka, duk gudaji, ba ta taɓa iya tuƙi ba.

Na ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Kowace tsohuwa a nan haka take ce wa masu sadaka, ba wanda ya waiwayo.

Ta riƙe yatsuna ta cikin ledar, ta matse har na ji zafi. Ta ce a hankali, da Hausa tsantsa, ba Larabci ko ɗaya, "Ki gaishe shi. Ki ce masa ina nan." Ta tashi ta ba ta gaba.

Na cinye tas, har gudajin.

Laraba, 22, ban san ko ƙarfe nawa ba ne, a tarhil

Motar ta zo jiya da hantsi. Kokawa muka yi, wallahi kokawa, na ture wata baiwar Allah da gwiwar hannu, bargona ya tafi. Na samu shiga. Ta taga na duba tsallaken titi, ba lokacin zuwansa ba ne. Na san da la'asar ya zo ya tsaya yana neman inda nake.

Ɗazu aka jera mu. Wata ma'aikaciya ta kama hannuna ta danna yatsuna a kan wani ɗan gilashi mai haske, ɗaya bayan ɗaya, dama sannan hagu. Ba zafi. Na ɗauka abin da zai raba ni da Jidda har abada zai fi haka ɗaukar lokaci.

Ta tambayi sunana, na faɗa. Garinmu, na faɗa. Sannan ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kina da wani a nan? Miji, 'ya'ya?"

Na ce, "Babu."

Ta rubuta. Ta ce in matsa, akwai wata a bayana.